Kamfanin inshora ya ƙi biyan kuɗin jinyar muzurunmu saboda layi ɗaya a fayil ɗin asibiti

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar duk wanda ya san kan inshorar dabbobi a nan Ingila. Muzurun yarana fitsari ya toshe masa cikin dare a watan jiya. Yana ta zarya zuwa akwatin yashinsa yana nishi, ba abin da ke fita, daga baya ya kwanta ya ƙi motsi. Muka garzaya da shi asibitin dare, aka sa masa robar fitsari, aka riƙe shi 'yan kwanaki. Kuɗi ya tashi fam 2,300 da 'yan kai. Daga ajiyarmu na biya, da sa ran kamfanin zai mayar mini, tunda fiye da shekara ke nan ina biyan su duk wata ba fashi.

Jiya wasiƙarsu ta iso, wai ba za su biya ba. Sun karɓi fayil ɗinsa daga asibitin unguwarmu, sun ga wata bakwai kafin in sayi inshorar an rubuta cewa mai shi ta ce yana yawan shiga akwatin yashi, wataƙila kumburin mafitsara ne. Da wannan suka kafa hujja wai ciwon ya riga inshorar. Ni kuwa allurar rigakafi ce ta kai mu ran nan. Likita ta tambaye ni ko na lura da wani abu, na ce tun da muka tare a sabon gida yake yawan shiga. Ba gwaji, ba magani, muka dawo gida. Yanzu ina mafita?

Yaya Talatu Mancesta:
Wa alaikumus salam. Sannu Maman Hanan, Allah ya ba shi lafiya, ya mayar miki da alheri. Ya jikin nasa yanzu?

Maman Hanan:
Amin Yaya, na gode. Da sauƙi sosai, yana cin abinci, fitsarin ma yana fita.

Alhaji Sani Bamingam:
Hajiya, abin bai kai na tashin hankali ba. Ki koma wurin likitar nan, ki zauna da ita cikin mutunci, ki ce ta cire layin. Ai ba ciwo ta gano ba, hira kuka yi ta mayar da ita rubutu. In ta cire sai ki sake tura takardun. Mutanen nan suna jin magana idan aka bi su da lalama.

Likita Binta:
Alhaji, don Allah a yi haƙuri, amma wannan shawarar kada a bi ta. Likitan dabbobi ce ni, a Zariya na yi karatu, yanzu a nan nake aiki, kuma takardun inshora na cikin abin da nake sa wa hannu kusan kullum.

Na farko, kamfanin ya riga ya riƙe kwafin fayil ɗin. Idan wani kwafin ya je musu babu layin, magana ta tashi daga "ba za mu biya ba" ta koma zamba, su soke inshorar gaba ɗaya. Na biyu, manhajojin da asibitoci ke aiki da su suna ajiye rana da sa'ar da aka rubuta abu da sunan wanda ya taɓa shi. Na uku, hukumar RCVS da ke riƙe da rajistar likitocin dabbobi a Birtaniya ta sha cire likitoci daga rajista a kan ƙarya a takardun inshora. Ba likitar da za ta sa lasisinta a haɗari don wannan, kuma bai dace a roƙe ta ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Maman Hanan, ga abin da za ki iya yi. Ki rubuta wa asibitocin biyu ki nemi cikakken tarihin jinyarsa, har da sakamakon gwajin fitsari da na jini da hoton da aka ɗauka. Ba alfarma ba ce, ƙa'idar RCVS ta ce a ba mai dabba kwafi idan ya nema. Idan kin ga an rubuta abin da ba haka kika faɗa ba, likita na iya ƙara bayani a ƙasa da kwanan watan ranar da ta ƙara, tsohon rubutun yana nan yadda yake. Sannan ki roƙe ta ta rubuta wasiƙa ta faɗi ra'ayinta na likita a kan ko abin da ya faru a da yana da alaƙa da toshewar nan.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kada in yaudare ki. Hujjar kamfanin ba ta iska ba ce. Kumburin mafitsara a kyanwoyi yakan taso ne daga damuwa, kuma sauya gida na cikin manyan abubuwan da ke tayar da shi. A muzuru kuwa hanyar fitsari siririya ce, majina da 'yan tsakuwoyin fitsari suna iya cushe ta. Da wannan za su haɗa biyun. Ƙarfinki yana cikin tsawon lokacin da ya yi lafiya lau a tsakani, da kuma cewa ba a taɓa tabbatar da ciwon da gwaji ba.

Alhaji Sani Bamingam:
To Likita na ji, na janye batun cirewa. Amma ki amsa mini wannan: me ya kai ta rubuta "wataƙila"? Idan ba ta tabbatar ba ta yi shiru mana. Kalma ɗaya ta ci wa baiwar Allah fam dubu biyu.

Likita Binta:
Alhaji, fayil ɗin ba don kamfanin inshora ake rubuta shi ba. Kamar katin awon ciki yake: wadda za ta karɓi haihuwa cikin dare ba lallai ita ce ta yi awon ba, abin da ke katin shi ne idonta. Likitan da za a kawo wa dabba ƙarfe biyun dare bai taɓa ganinta ba. Idan ya ga an taɓa zargin mafitsara, nan zai fara dubawa. Da likitar ta ji maganar ta ƙi rubutawa, da an ce ta yi sakaci.

Inda nake ganin muna da gyara shi ne, ya kamata mu riƙa gaya wa mai dabba abin da muka rubuta tun yana ɗakin. Ni yanzu nakan karanta wa mutum layin kafin in rufe, in ce haka kika faɗa? Kuma nakan bambanta abin da mai dabba ya faɗa da abin da na gani da idona. Ba duk abokan aikina ke yin haka ba, musamman inda aka ba ka minti goma ko sha biyar a kan kowace dabba.

Abban Khalifa:
Bari in sa baki, don ni a sashen biyan diyya nake aiki, ko da yake na gidaje da motoci ne, amma dokar ɗaya ce.

Hajiya, ki ɗauko takardar yarjejeniyar ki nemi inda suka fassara "ciwon da ya riga inshora". Yawancinsu ba sa cewa sai likita ya gano ciwon. Cewa suke yi duk wata alama da dabbar ta nuna kafin ranar farawa, ko an sa mata suna ko ba a sa ba. Nan mutane ke faɗawa. Kuma takardar neman diyyar da kika sa wa hannu ita ce ta ba su izinin karɓo fayil ɗin tun daga farkonsa, ba wai leƙen asiri suka yi ba.

Amma wasiƙar jiya ba ita ce ƙarshe ba. Ki rubuta musu, ki sa kalmar ƙorafi ƙarara a kan takardar, don daga ranar ne lissafi ke farawa. Doka ta ba su mako 8 su ba ki amsar ƙarshe. Idan amsar ba ta gamsar da ke ba, ko makon takwas ɗin suka wuce shiru, sai ki kai ga Financial Ombudsman Service, ofishin da ke sasanta ƙorafi tsakanin jama'a da kamfanonin kuɗi da na inshora. Kyauta ne, ba kya buƙatar lauya, amma wata 6 kawai kike da su daga ranar da ke kan amsar ƙarshen. Idan ofishin ya yanke hukunci kika karɓa, dole kamfanin ya bi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba: idan kamfani ya fake da wani sharaɗi don ya ƙi biya, shi ne ke da nauyin nuna cewa sharaɗin ya hau kan lamarin. Ba ke za ki tabbatar babu alaƙa ba, su za su nuna akwai. Don haka a cikin ƙorafin ki tambaye su wane likita ne ya duba fayil ɗin a ɓangarensu, kuma da wace shaida ya haɗa maganar kusan shekara biyu da ta wuce da toshewar watan jiya. Sau da yawa hukuncin farko ma'aikaci ne irina ke yanke shi, ba likita ba.

Sai ki duba tambayoyin da suka yi miki ranar saye. Akwai dokar 2012 a kan abin da mai sayen inshora ke bayyanawa. Abin da ke kanki shi ne ki amsa abin da aka tambaye ki da gaskiya da kula. Idan tambayar ita ce ko an taɓa yi masa magani kika ce a'a, kin faɗi gaskiya.

Maman Hanan:
Abban Khalifa Allah ya saka da alheri. Wallahi da safen nan har na buɗe shafinsu zan soke inshorar don takaici.

Abban Khalifa:
Ki dakata tukuna Hajiya. Kusan duk sabon kamfanin da kika je yanzu zai cire mafitsara daga abin da zai biya, don wannan karon ciwon a rubuce yake ɓaro-ɓaro. Wannan kamfanin ne kaɗai kike da damar ya ɗauki ciwon idan kika ci nasara. Wace iri ce taki? Akwai wadda ke biyan ciwo na wata 12 kawai daga nan ta rufe shi har abada, akwai mai iyakar kuɗi ga kowane ciwo, akwai ta haɗari kawai, sai kuma ta tsawon rai wadda kuɗinta ke sabuntuwa duk shekara muddin ba a yanke biya ba.

Maman Hanan:
Ta tsawon rai ce.

Abban Khalifa:
To lallai kada ki soke kafin a gama. Ciwon nan yana iya dawowa, Likita za ta fi ni bayani.

Ɗan Katsina:
Iyayena ku yi mini afuwa, ni ɗalibi ne, ban daɗe da zuwa ba. Amma fam 2,300 a kan mage? Wannan miliyoyin naira ne. A gida akwai masu kwance a asibiti an rasa kuɗin aiki. Ni abin ya tsaya mini a rai, ba raini ba ne.

Yaya Talatu Mancesta:
Ƙanena, tausayinka a kan hanya yake, kuma kusan duk wanda ke zauren nan yana aika kuɗi gida duk wata, wasu suna riƙe da gidaje biyu uku. Amma ka sa kanka a wurinta cikin daren nan. Rai ne a gabanta yana shure-shure, a gidanta, ƙarƙashin kulawarta. Ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda bai iya ɗaukar nauyi ba kada ya ajiye dabba tun farko, wannan na yarda. Amma in ka ajiye, ta zama amana.

Ga kuma dokar ƙasar. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin kare ta daga ciwo da wahala, ana gurfanar da mutum a kan sakaci. Kuma dabbobi ba su da NHS, wato tsarin jinyar kyauta na gwamnati. Ƙungiyoyin agaji irin su PDSA da Blue Cross suna taimakon masu karɓar tallafin gwamnati da ke yankin asibitocinsu, amma mai aiki da albashi shi da aljihunsa ne. Shi ya sa mutane ke sayen inshorar, ba don gata ba.

Ɗan Katsina:
Na fahimta Anti, na gode. Har yanzu dai kuɗin ya yi mini yawa.

Alhaji Sani Bamingam:
Ai ba kai kaɗai ba ɗana, kuɗin ya yi yawa ƙwarai. Hukumar CMA mai sa ido kan gasar kasuwanci ta fara duba harkar a 2023, ta buɗe cikakken bincike a 2024. Ita ta ce manyan kamfanoni shida ne ke riƙe da kusan kashi 60 cikin ɗari na asibitocin dabbobi, alhali a 2013 kusan kashi 10 ne. Za ka ga asibitin unguwa da tsohon sunansa a allo, ashe an daɗe da sayar da shi. Asibiti na tsawwala kuɗi, inshora na ƙara nata duk shekara, ranar biya kuma a laluɓo maka layi ɗaya. Ni darasin da na ɗauka shi ne, in na kai kyanwar gidana allura, bakina alaikum. Abin da ban faɗa ba ba za a rubuta ba.

Likita Binta:
Alhaji, maganar tsada ban musa maka ba, mu ma'aikata ma ba mu ke sa farashi ba. Amma maganar shiru ita ce ta fi tayar mini da hankali a duk zaren nan. Kyanwa ba ta magana, kuma ta iya ɓoye ciwo. Rabin abin da nake ganowa daga bakin mai ita nake samu: ta ƙara shan ruwa, ta rage ci, ta daina hawa taga. Ciwon ƙoda a tsofaffin kyanwoyi haka yake farawa. Idan ka yi shiru don kare inshora, ranar da abin zai fito fili an makara, kuɗin ya ninka, dabbar ta sha wuya a banza. Kuma shirun ma ba ya ɓoye komai, gwajin jini yana nuna ciwon da ya daɗe.

Hanyar da ke aiki ita ce a sayi inshorar tun dabbar tana ƙarama, fayil ɗinta bai da komai, a bar kwanakin jira su wuce, yawanci kwana 14 ne ga rashin lafiya, daga nan ka faɗi duk abin da ka gani hankalinka kwance.

Malam Nura:
Assalamu alaikum. Na ga ba wanda ya taɓo hukuncin inshorar kanta, kuma akwai masu karantawa da za su so sani. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda garari, wato rashin tabbas, da ke cikinta, ta halatta ta taimakekeniya wadda ake kira takaful. A Sudan aka fara kafa irin wannan kamfanin a 1979. Akwai kuma malaman da suka halatta ta kasuwancin, kamar Shaihu Mustafa Zarƙa. Inshorar mota doka ce ta tilasta, shi ya sa ake ba da uzuri a kanta. Ta dabba kuwa ba tilas ba ce, don haka kowa ya tambayi malamin da ya natsu da shi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana iya ware wani abu duk wata a asusu na daban, sai dai ya san cewa ciwo ba ya jiran asusu ya cika.

Abin da ba saɓani a kansa shi ne canza rubutu don a karɓi kuɗi. Wannan shaidar zur ce, kuma na ji daɗi da Alhaji ya janye.

Hajiya Rabi Landan:
Ni tambayata daban ce. Da kyanwata na taho daga Kano. An dasa mata ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, aka yi allurar haukan kare, aka ɗebi jini bayan kwana 30, muka jira wata 3 kafin a bar ta ta shigo. Amma tarihin jinyarta duk a kati ɗaya yake, rubutun hannu. Idan na sayi inshora za su karɓi wannan?

Likita Binta:
Hajiya ki adana katin, ki ɗauki hotonsa, ki ba asibitinki na nan su sa a fayil. Sannan ki sa a yi mata cikakken awo a rubuta abin da aka gani, har haƙora da nauyi. Wannan shi zai zama mafarin tarihinta a nan. Ki kira kamfanin kafin ki saya, ki gaya musu daga waje ta zo, ki nemi su rubuto miki abin da za su cire. Ki kuma tabbatar lambar ƙwayar tana rajista da adireshinki na yanzu, don tun 10 ga Yuni 2024 doka ta wajabta ta ga kyanwoyi a Ingila, tarar na iya kai fam 500.

Maman Hanan:
'Yan uwa ga inda aka kwana. Asibitocin biyu sun turo fayil ɗin. Na zauna na karanta layi-layi, sai ga wani abu da kamfanin bai ambata ba. A allurar shekarar da ta biyo baya, lokacin inshorar ta riga ta fara, wata likitar ta rubuta cewa yana ci yana sha, fitsari da bayan gida lafiya lau, ta taɓa mara ba ta ji komai ba. Daga nan ba a sake ambaton mafitsara ba sai daren da abin ya faru.

Na ga likitar farko. Ta karɓe ni da kyau. Ta ce ba za ta iya rubuta cewa babu alaƙa kwata-kwata ba, don ba ta da tabbacin haka. Amma ta rubuta cewa a ranar ba ta gano ciwo ba, ba ta yi gwaji ba, ba ta ba da magani ba, zato ne kawai daga abin da na faɗa, kuma bai sake nuna alama ba kusan shekara biyu. Na haɗa wasiƙar da shafin allurar na tura da ƙorafin.

Abban Khalifa:
Madalla. Wasiƙar da ta tsaya iya abin da likita ta sani ta fi nauyi a wurin masu dubawa fiye da wadda ta yi rantsuwa. Ki rubuta ranar da kika tura, ki ƙirga mako 8. In sun kira ki a waya ki ce su aiko a rubuce. Ki sani ko sun biya za su cire kason farko da yarjejeniya ta ɗora miki, kada ki ga kuɗin bai cika ba ki ɗauka wata ƙeta ce.

Alhaji Sani Bamingam:
Allah ya sa su biya. Amma a lura, shafin nan yana hannunsu tun farko, suka tsallake shi suka ɗauko wanda ya yi musu. Ni har yanzu a nan nake tsaye.

Abban Khalifa:
A wannan kam ba zan kare su ba Alhaji. Hajiya ki sa wannan maganar a takardar Ombudsman idan ta kai ga haka.

Maman Hanan:
In sha Allahu. Likita, asibitin dare sun ba mu abinci na musamman, yana da tsada. Dole ne ya ci gaba da shi?

Likita Binta:
Kada ki daina sai likitarsa ta sake gwada fitsarin ta ce a daina. Ki fi ba shi mai ruwa-ruwa a kan busasshe, ki ajiye kwanukan ruwa a wurare daban-daban, ki ƙara akwatin yashi a inda ba hayaniya. Ki duba yarjejeniyar, wasu kamfanonin suna biyan wani ɓangare na abincin da likita ya rubuta, don haka ki ajiye rasit, ki kuma tabbatar an sa a fayil cewa likita ce ta rubuta shi. Makonnin farko bayan cire robar su ne aka fi fargabar ya sake toshewa. Idan kika ga yana nishi ba fitsari, ko yana yawan lasar gabansa yana kuka, kada ki jira gari ya waye, toshewar tana iya kisa cikin kwana biyu zuwa uku.

Maman Hanan:
To Likita, na gode ƙwarai. Ranar Talata za mu koma gwajin fitsarin. Duk abin da kamfanin ya rubuto zan kawo nan.